Mangwaro sai ganye, ciyawa sai bushewa: me ke damun lambun gidana a Jos?

"Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan da muka tare a sabon gidanmu a bayan Rikkos. Filin ƙafa 50 ne a kan 100, gini ya ci kusan rabi, sauran muka ce za mu yi lambu. Na shuka mangwaro biyu, lemu biyu, gwaba da fiya, maigida kuma ya sa aka shimfiɗa ciyawa a duk gaban gida. Har yau mangwaron sai ganye, ko fure bai taɓa yi ba. Ganyen lemun ya yi rawaya, fiya ta mutu a daminar bara, gwaba tana yi amma duk tsutsa a ciki. Ciyawar kuma da zarar hunturu ya shigo sai ta bushe, mu yi ta sayen ruwa muna yayyafa mata safe da yamma, muna watsa yuriya, amma a banza. Shin hannuna ne ba shi da albarkar shuka, ko dashen da aka sayar mana ne ba mai kyau ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Kafin komai ki cire zancen hannu daga ranki. Na haura shekara ashirin ina renon dashe ina gyara lambunan gidaje a garin nan, ban taɓa ganin hannun da shuka ta ƙi ba. Abin da na sha gani shi ne ƙasar da shuka ta ƙi. Kin lissafo abu biyar: mangwaro mara fure, lemu mai rawayan ganye, fiyar da ta mutu, gwaba mai tsutsa, da ciyawar da ke cin kuɗi tana bushewa. A ido kamar cuta biyar ce, kowacce da kwalbar maganinta a kasuwa. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma huɗu daga cikin biyar ɗin nan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: ƙasar da magina suka bar miki, da yadda ake ba ta ruwa. Gwabar ce kaɗai mai labarinta daban. Dashen ma yana iya zama da nasa laifin, zan zo kansa, sai dai ba shi ne a sahun gaba ba.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafarki

Garin nan yana zaune ne a kan tudu, sama da mita 1,200 bisa matakin teku, shi ya sa muke da sanyin da Kano da Bauci ba su da shi. Ruwan sama yakan kai milimita 1,300 ko fiye a shekara, amma duk tsakanin Afrilu da Oktoba yake zuba, a Yuli da Agusta kuwa kamar da bakin ƙwarya. Daga Nuwamba sai ya ɗauke ƙaf har wata biyar, iskar hunturu ta tsotse ɗan danshin da ya rage. Baƙo idan ya shiga kasuwar Farin Gada ya ga kabeji da karas da latas da koren wake sun yi tsibi, sai ya ɗauka ƙasar Jos ko sanda aka kafa za ta tsira. Ba haka ba ne. Yanayinmu ne mai kyau, ƙasarmu kuwa mai neman taimako ce: daga duwatsu ta samo asali, ruwa ya daɗe yana wanke ta, tana da tsami, ba ta da maiƙo, sannan haƙar kuza da aka fara gadan-gadan tun farkon ƙarni na 20 ta birkice ta a wurare da yawa. Manoman da kike ganin kayansu a kasuwa shekara da shekaru suka yi suna ciyar da ita da taki.

Wannan a gona ke nan. A sabon gida abin ninkawa yake yi. Ranar da za a fara gini, baƙar ƙasar sama mai taushi, wadda kaurinta bai wuce taƙi ɗaya ba, ita ake fara kankarewa. Abin da aka haƙo daga ramin harsashi da ramin shadda, jar marmarar da ba ta taɓa ganin rana ba, shi ake bazawa a tsakar gida a ce an yi ciko. Tifa ta bi ta kai ta danne, a kwaɓa siminti a kai, ranar tashi a binne tarkacen a share sama.

An taɓa kirana wani gida a gefen Dogon Dutse, lemu shida a jere sun ƙi gaba sun ƙi baya. Na sa yaro ya kawo diga. Yatsa huɗu na farko baƙar ƙasa ce ta saye. Daga nan diga ta fara ƙara kamar ana dukan ƙarfe: gutsattsarin bulo, ragowar siminti da ya daskare a buhunsa, ƙusoshi, katakon da gara ta mayar gida. Da muka tono bishiya ɗaya, saiwarta ta nannaɗe kanta kamar gammo, shekara uku ba ta wuce faɗin ledar da aka raine ta a ciki ba. Daidai ƙarƙashinta dandamalin da aka kwaɓa kankare ne. Maigidan ya riga ya kashe kuɗi mai yawa a kan feshi, alhali babu ƙwaro ko ɗaya a jikin bishiyoyin.

Don haka aikin farko ba saye ba ne, haƙa ce. Ki sa a haƙa rami uku a wurare daban-daban, zurfin kamu ɗaya: kusa da lemu, inda fiya ta mutu, da tsakiyar ciyawa. Ki duba abin da ya fito. Sai a cika kowane rami da ruwa, a bar shi ya tsotse, a sake cikawa. Ramin da ya shanye cikawa ta biyu cikin 'yan sa'o'i lafiyarsa ƙalau. Wanda ya kwana ya wuni da ruwa a ciki, nan ƙasa ta toshe. Sannan ki ɗebi busasshiyar ƙasa daga gindin lemun ki matse mata lemun tsami. Idan ta yi kumfa tana 'yar ƙara, siminti ko farar ƙasa sun cakuɗa da ita.

Gyaran bishiyar da ke raye ba ya buƙatar tumɓuke ta. A cire ciyawa a kewayenta, taku ɗaya zuwa biyu ta kowane gefe. A sassauta ƙasar daga bakin da'irar da diga a hankali, a tsince tarkace. A zuba ruɓaɓɓen taki kwanon gini biyu a baza a sama, a lulluɓe da busasshen ganye ko buntun shinkafa kaurin yatsa huɗu, amma a bar tazarar tafin hannu tsakanin lulluɓin da jikin bishiya. A maimaita sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta. Bayan damina biyu, idan kika ɗaga ganyen kika ga tana tana motsi, ƙasa ta farfaɗo.

Kan taki akwai abu uku da nake so ki kiyaye. Jos gari ne na gonakin kaji, kashin kaji ba ya wuyar samu, kuma ya fi na shanu ƙarfi, amma ɗanyensa wuta ne. A tara shi da ganye da ɓawon kayan miya, a jiƙa, a rufe, a riƙa juyawa duk mako biyu har wata biyu zuwa uku. Idan ya daina zafi, warin ya tafi, ya koma ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari, ya nuna. Na biyu, toka. Tokar murhu ta itace tana rage tsamin ƙasa, ɗan barbaɗe ya isa, amma kada a kai ta gindin lemun da ƙasarsa ta yi kumfa, ƙara masa ciwo za ta yi. Tokar bola kuwa, wadda aka ƙona da batir da roba da gwangwanin fenti, ba na yarda a kawo ta inda yara za su ci abin da ya fito. Na uku, idan za ki sayi ƙasa ki ga tifar da idonki kafin a juye. Kada a kawo miki yashin wankin kuza: ba abincin shuka a cikinsa, kuma yana ɗauke da ma'adinai masu nauyi da ba su dace da tsakar gida ba.

Fiya da lemu

Fiya tana son Filato, ko ina kika zaga daga nan har Pankshin za ki gan ta. Amma saiwarta a sama-sama take, kuma ba ta jure kwana cikin ruwa. Kusan na tabbata abin da ya faru ke nan: an haƙa rami mai zurfi a cikin marmara, an cika shi da ƙasa mai taushi da taki, sai ya zama tukunya marar huji. Ruwan Agusta ya taru a ciki, saiwa ta shaƙe, cutar ruɓewar saiwa ta kama ta. Ganye ya yi laushi kamar mai jin ƙishirwa, mai gida ya ƙara ruwa don tausayi, ita kuwa ruwan ne ke kashe ta. Idan za ki sake, kada ki koma ramin nan, ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa. Ki zaɓi wani wuri, a fasa marmarar, sannan a tara tudu mai tsawon gwiwa da faɗin taku biyu, a dasa a samansa. Ki jira ruwa ya zauna sosai, ƙarshen Mayu zuwa Yuni, domin hadarin farkon damina a nan yakan zo da iska da ƙanƙara su yayyage sabon dashe. A kafa mata sanda a ɗaure sako-sako.

Rawayan ganyen lemu kala-kala ne, kowane da abin da yake faɗi. Idan sabon ganye na kan reshe ne ya yi rawaya amma jijiyoyinsa suna nan kore shar kamar zanen raga, bishiyar ta kasa shan sinadarin ƙarfe, kuma a sabon gida siminti ne kan jawo haka. Ƙarfen yana nan a ƙasa, simintin ne ya kulle shi. Maganinsa kwashe tarkace da ruɓaɓɓen taki mai yawa. Akwai na fesawa a ganye, yakan dawo da kore na ɗan lokaci, amma ba ya gyara tushen matsalar. Idan tsofaffin ganye na ƙasa ne suka koɗe gaba ɗaya har jijiya, yunwa ce, kuma ciyawar da ke gindinsa ce ke rigansa cin abincin. Nan kamfa, wato takin zamani na NPK, zai yi aiki: abin da nake bayarwa shi ne gwangwanin madara ɗaya ga kowace shekara ta bishiyar, a raba biyu, rabi a Mayu rabi a Agusta, a zuba a da'ira daidai inda inuwar rassa ta ƙare, a rufe da ƙasa. Idan kuwa kika ga ƙaro yana tsatsowa a gindi, ɓawo yana tsagewa, an dasa shi da zurfi ne ko ruwa yana kwanciya a wuyansa. A janye ƙasar har sai kan manyan saiwoyi ya bayyana, a daina zuba ruwa a jikin kututture.

Ki kuma duba ƙasan wurin auren, wato inda aka haɗa reshen lemun da gindin wata bishiya. Duk reshen da ya fito daga nan, galibi mai ƙaya da saurin girma, na uwar gindi ne, ba na lemun da kika saya ba. A cire shi tun yana ƙarami, in ba haka ba ya mamaye bishiyar.

Me ya hana mangwaro fure

Abu biyu ne, kuma suna iya haɗuwa. Na farko shi ne wanda kika zarga. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan ɗauki shekara biyar zuwa takwas kafin ya fara, kuma ba lallai ya haifi irin uwarsa ba. Ɗan aure, wanda aka ɗauko reshe daga bishiyar da ta riga ta saba haihuwa aka haɗa da gindin wani, a shekara uku zuwa huɗu yake farawa. Ki duƙa ki duba kututturen daga taƙi ɗaya zuwa biyu sama da ƙasa. Ɗan aure yana da tabo, ko ɗan kumburi, ko wurin da launin ɓawo ya sauya. Idan santal yake daga ƙasa har rassa, na ƙwallo ne, kuma a shekara huɗu bai yi latti ba, lokacinsa ne bai yi ba. Ba kullum ne mai sayarwa ya yi ha'inci ba. Sau da yawa mai saye ne ke zaɓar dogon dashe mai araha ya bar gajeren da ke da ɗaurin leda a wuyansa, alhali gajeren ne mai auren.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna, domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. Mangwaro ba ya fure sai ya huta. Idan damina ta wuce, ƙasa ta bushe, dare ya yi sanyi, bishiyar takan tsayar da sabon ganye, rassanta su ƙosa, daga Disamba zuwa Fabrairu fure ya ɓarke. Sanyin kam Allah ya ba mu kyauta. Amma naki mangwaron yana tsakiyar ciyawar da ake yayyafa wa ruwa safe da yamma ana watsa mata yuriya a daidai watannin da ya kamata ya huta. Yuriya abincin ganye ce. A wurinsa damina ba ta ƙare ba, sai ya ci gaba da fitar da jajayen sabbin ganye. Ciyawar ba ta amfana ba, mangwaron kuma ya ruɗe.

Daga ƙarshen Oktoba a ɗauke masa ruwa da taki ɗungurungum. Bishiya mai shekara huɗu ba za ta mutu ba. Sai fure ya zube, 'ya'ya sun kai girman ƙwayar gyaɗa, sannan a koma ba shi ruwa mai yawa sau ɗaya a mako don kada su kakkaɓe. Idan kika ga farin gari kamar an barbaɗa hoda a kan furen, wannan cuta ce mai son sanyi da raɓa irin namu, kuma garin farar wuta na feshi yana tsayar da ita in an yi da wuri, da sassafe ko da yamma.

Zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba: mangwaro biyu sun yi wa filinki yawa. Kowane ɗaya idan ya girma yana neman mita 8 zuwa 10 tsakaninsa da ɗan'uwansa. Nan da shekara goma za su rufe lemu da gwaba da inuwa, saiwarsu ta nufi katanga da shadda. Ɗaya za a bari, galibi wanda ya fi nisa da gini. In na ƙwallo ne, ba sai an sare shi ba: ana datse manyan rassa, a bar ɗaya ya riƙe bishiyar, idan sababbi suka fito a yi musu aure da irin da kike so, Binta suga ko Juli ko Pita, cikin shekara biyu zuwa uku ki fara ci. Juli ba ya girma sosai, ya fi dacewa da ƙaramin gida.

Ciyawa da lissafin ruwa

A nan nake so ki zauna da maigida ku yi lissafi tare. Ciyawar da ake so ta zauna kore a rani tana shan aƙalla lita 25 a kowane murabba'in mita duk mako, wato babbar jarka guda. Filinku ya kama murabba'in mita 465, mu ce gaban gida ya kai 100. Jarka 100 ke nan duk mako, lita 2,500. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Maris mako 21 ne da 'yan kwanaki, sama da lita 52,000. Bishiyoyi shida kuwa, a ba kowacce lita 40 a mako, lita 240 ne, ko jarka goma ba su cika ba. Wanda ba shi da rijiyar burtsatse mai ƙarfi, a unguwar da rijiyoyi ke ja baya tun Fabrairu, ba zai iya riƙe ciyawa mai faɗin nan ba.

Abin da kuke yi yanzu, ɗan yayyafi safe da yamma, ya fi rashin bayarwa illa. Ruwan ba ya wuce yatsa ɗaya a ƙasa, saiwa ta taso sama tana binsa, iskar hunturu ta busar da shi kafin azahar. Sai yuriya ta sauka a kan busasshiyar ƙasa ta ƙona abin da ya rage. Ƙarƙashin wannan duka ga marmarar da saiwa ba ta iya hudawa.

Ki fara da duba ko ta mutu ma. Ki jawo jijiya ɗaya mai yaɗo ki kankare ta da farce. In cikinta fari ne ko kore, tana da danshi, barci take yi, ruwan Afrilu zai tashe ta. Ciyawa ta san rani tun kafin mu fara shuka ta a gida, kuma launin ƙasa-ƙasa a Janairu ba cuta ba ne.

Shawarata a rage ta zuwa murabba'in mita 25 ko 30, daidai inda yara ke wasa da inda ake shimfiɗa tabarma da yamma, nesa da gindin bishiyoyi. Wannan ƙaramin wuri a yi masa aiki na gaske: a fasa ƙasar zurfin taƙi ɗaya, a tsince tarkace, a gauraya da taki da ɗan yashi, a baje da manjagara a ɗan karkata shi don ruwa ya gangara nesa da gini. A bar shi mako biyu ciyawar banza ta fito a cire, musamman aya-aya da tofa, waɗanda sai an tono su har ƙwayarsu da jijiyarsu. A dasa a watan Yuni, gutsure-gutsure, tazarar tafin hannu, ruwan sama ya yi sauran aikin.

Iri kuma yana da muhimmanci. Mai faɗin ganyen nan da masu sayar da furanni ke kira kafet tana da taushi, tana jure inuwa, amma saiwarta gajera ce, ƙasa mai danshi take so, ita ce ta farkon bushewa. Kiri-kiri, wadda muke takawa a bakin hanya da filin ƙwallo, saiwarta tana nitsewa, tana jure fari da tattaki, in ta bushe ma tana dawowa da wuri. Aibinta biyu: ba ta son inuwa, kuma tana kutsawa cikin kwamin furanni in ba a yi mata iyaka da bulo ba. A wuri mai rana, ni ita nake zaɓa.

Ban-ruwa sau biyu a mako, da sassafe, mai yawa har ya ratsa. Aski kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a lokaci guda, a bar ta kaurin yatsa uku, a rani a bar ta ta fi haka tsawo. Masu yanka da adda suna son su aske ta har ƙasa don aikin ya daɗe, ki hana. Taki a damina kawai, kan jiƙaƙƙiyar ƙasa: kilo 1 na yuriya ya isa murabba'in mita 100, ke nan naki ƙaramin wurin rubu'in kilo ne. Idan a tsakiyar damina kika wayi gari wani yanki ya zama kamar an kiwata shi, ki zuba ruwan sabulu bokiti ɗaya a wurin ki tsaya. Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo ƙasar nan a 2016 tana cin ciyawar gida ma, kuma ruwan sabulu yana fito da ita fili.

Ruwan da kuke nema a rani yana zuba daga rufinku a damina. Kowane milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na kwano lita ɗaya ne. Tanki mai lita 5,000 da aka cika daga indararo a Oktoba, aka rufe, zai riƙe bishiyoyi shida kusan har ruwa ya dawo. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya a juya shi gindin ayaba. Na omo da bilic kada ya je wurin shuka.

Tsutsar gwaba

Wannan aikin wani ƙuda ne mai ɗan rawaya a jiki, wanda aka fara gani a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya game Afirka ta Yamma. Macen tana huda gwaba lokacin da ta fara ƙosawa ta saka ƙwai ƙarƙashin ɓawo. Tsutsa ta ci ciki, gwaba ta faɗo, tsutsar ta shige ƙasa, bayan kamar mako biyu ta fito sabon ƙuda. Feshi ba ya kai wa ga tsutsar da ke ciki, kuma ba na son guba a bishiyar da yaro zai tsinka ya kai baki.

Kullum da safe a tsince duk wadda ta faɗo, a zuba a baƙar leda marar huji, a ɗaure a ajiye a rana mako guda. Kada a jefa a bola ko kan tarin taki. Tunda bishiya ɗaya ce, ki sa wa kowace gwaba rigar takarda tun tana kamar ƙwan zabuwa, a ɗaure bakin a jikin reshe. Aiki ne na yamma ɗaya da yara, kuma babu abin da ya kai shi. Akwai tarkon da ake sa wa sinadarin metil yujinol, mazan kawai yake kamawa, yana rage su amma shi kaɗai ba ya isa. Ranar da mangwaro ya fara, ƙudan nan zai koma kansa, don haka tsintar ta zama al'ada tun yanzu.

Gara kuwa bishiyar da ta galabaita take bi, da katakon da magina suka binne. Idan an kwashe wancan, an ba da ruwa yadda ya kamata, an bar tazara tsakanin lulluɓi da kututture, galibi takan ja da baya. Ga darɓa da farin ƙwaron nan mai kama da auduga, a daka ƙwayar darbejiya giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ta kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma.

Wurin da aka rage daga ciyawa ba zai zauna haka ba. Gwanda tana haihuwa cikin kamar shekara guda, a dasa uku don a samu mace, ita ma kan tudu. Zogale a jikin katanga, ɗoɗɗoya da na'a-na'a kusa da kicin. Sitiroberi, wanda mutanen ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom suka yi suna da shi, yana yi a tsohon bokiti mai huji: a dasa a ƙarshen damina, a ci a hunturu. Tuffa tana yi a Jos, na gwada na samu, amma sai irin da ba ya buƙatar sanyi mai tsanani, sai an riƙa tsige mata ganye da hannu don ta yi fure. Ki bar ta sai ƙasa ta gyaru.

Duk wannan daga wasiƙarki na karanto shi, gani kuwa ya kori ji. Idan ramukan suka nuna ƙasa mai kyau, ruwa yana wucewa, lemun kuma bai sauya ba bayan damina guda ta taki, to sai an gwada ƙasar a ɗakin bincike, domin akwai ƙarancin da ido ba ya rarrabewa. Malaman gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Filato (PADP) a Dogon Dutse, da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke kan hanyar Bauci, wurare ne da za ki kai tambaya a nuna miki hanya. In an haƙa, ki aiko mini da hoton bangon ramin, da na sabon ganyen lemun a kan farar takarda, da na gindin kowane mangwaro daga ƙasa zuwa gwiwa. Da su zan iya gaya miki wanne za a bari cikin biyun.